Jan irin Inna Tabita

Uwar mijina, Inna Tabita, sau ɗaya tak na taɓa jin ta ɗaga murya, kuma har gobe in na tuna ranar sai raina ya ɓaci.

Gidan Mati 'yar unguwar Kiristoci ce kusa da Tsanyawa, gona manne da gona, ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka kunyar wani ba. Nan aka haife ta, Hure ake ce mata kafin a yi mata baftisma. Mijinta ya rasu da wuri, ta riƙe gonarsa da fartanya da jaki ɗaya, ta raini Istifanus har ya auro ni. Ba ta iya karatu ba, amma waƙar coci ko wace ce tana kanta. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, iri. Tun daga kaka take zaɓar zangarniyar gero mafi ƙwari ta ware.

A shekarar fari ta saba'in da uku, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Ina goyo, mijina ya tafi Kano neman aikin dako. Abin da ya rage mana ƙwaryar dawa ɗaya ce da buhun irin Inna, wanda ta riga ta cakuɗa da jan maganin nan na malaman gona, mai kashe ƙwari.

Wata safiya muka tarar buhun ba ya nan. Ni na zube ina tsine wa ɓarawo. Ita kuwa ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta fita tana bin gida gida tana ihu.

"Jama'a, wanda ya ɗauki gerona kada ya daka! Da guba a jiki, wanki ba ya fitar da ita! Kada a ba yara!"

Mutane suka fito suna kallonta, wasu har da dariya, wai tsohuwa ta zauce, an yi mata sata tana yi wa ɓarawo gargaɗi. Ta ƙara da cewa za ta ajiye dawa a gindin kukar bayan gari, wanda irin ke hannunsa ya je ya musanya, ba mai tsare hanya.

Na tare ta a bakin zaure. "Inna, wace dawar? Tamu?"

"Ke da ni za mu iya cin tafasa, Saratu," ta ce. "Wanda ya ɗauki jan iri yana gani, abin ya kai masa maƙura."

Ta ɗauke ƙwaryar a kan idona. Washegari buhun ya dawo, geron a jiƙe, an wanke shi, rabi ya fara tsira. Haka ta shuka shi. Ruwa ya sauka kaɗan ya ɗauke, gonar ta ƙone ƙurmus. Nonona ya kafe, 'yata ta rame har ina tsoron yi mata wanka. Da ba don Malam Basiru, maƙwabcinmu Musulmi, da ke aiko mana da dusa ba, ban san yadda za ta kaya ba.

Na tambaye ta ribar me muka ci. Ta ce ruwa na Ubangiji ne, ya ba ya hana, bai taɓa neman shawararta ba, kuma bai taɓa manta ta ba. Ni dai wannan amsa ba ta cika min ciki ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru ne a Lahadin farko bayan satar, ranar Jibin Ubangiji, da ake raba gurasa mai tsarki a coci. Mai raba gurasa Dattijo Nababa ne, mai 'ya'ya cike da gida, wanda ba ya hawa bagadi bai yi wa'azi a kan sata ba. Da ya miƙo faranti, sai na ga bakin farcensa da tsagar yatsunsa sun yi ja. Ya goge har fatar ta saɓule, jan bai fita ba. Inna ma ta gani.

Na yunƙura zan miƙe in tona masa asiri a gaban ikilisiya, sai ta danne min cinya. Ta sa hannu ta ɗauki gurasar ta ci.

Ya rayu shekaru bayan haka, ana ce masa Baba Dattijo, ana ba shi kujerar gaba. Bai taɓa tako ƙofarmu ya ce a yafe masa ba. 'Ya'yansa duk sun girma, ba wanda ya san da dawar wa ya rayu. Ita kuma ta mutu a ɗakinta mai yoyo, ba ta faɗa wa kowa ba, har ɗanta.

A ciwonta na ƙarshe na kasa haƙuri. "Inna, yaya kika iya karɓar gurasa daga wannan hannun?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Ai ba daga hannunsa na karɓa ba, Saratu."