Ranar da Na Kasa Siffanta Jakin Kakana

Kayen ɗiyata, wato littafin rubutunta, na tarar buɗe a kan tabarma, an zana jaki, a ƙarƙashi an rubuta donkey. Ta ce mushensu, malamin Ingilishi, ya gaya masu ko Turawan ba su tabbatar da inda kalmar ta fito ba, wasu dai na zaton daga sunan wani launi ne mai duhu-duhu. Ita dariya abin ya ba ta. Ni kuwa sai na ji warin akumari jiƙe da gumi ya cika mani hanci, sai ka ce ina ƙauyenmu na kusa da Maijirgi.

Kakana ba ya cewa jaki kawai ya yi shiru. Akwai auraki, akwai duna, akwai idabari, akwai akaza, kowane da launinsa, kowane kuma da labarin inda sunan ya samo asali. Wani sunan ya ce fatake suka zo da shi, wani daga bakin Buzaye aka ɗauko. Da rani, a inuwar gawo, yana tufkar igiyar kaba yana jero mani su. Ni kuwa ɗan lakwal, boko ya sa kai ya kumbura. Na ce mishi a Faransanci suna guda ne, kuma ya wadatar.

Ya ce, "To, madalla da Faransanci." Ya ci gaba da tufkarsa.

Ka sani, mai karatu, lokacin idonsa ya riga ya tafi. Jakin nan shi ke kai shi gona, ya tsaya cak a bakin kunyar farko, da la'asar ya maido shi gida ba mai ja. Tsoho ya duƙa yana shafa gero da hannu, ya gaya maka wanda ke son ruwa.

Wata damina jakin ya tsinke dabaibayi ya ɓace. Kwana biyu sai labari ya zo an kama wani jaki cikin gonar mutane, yana ɗaure gidan maigarin ƙauyen gaba. Babana yana Agadas neman kuɗi, kawuna zazzaɓi ya kwantar da shi, sai aka tura ni. Na tafi ina fito, wai abu mai sauƙi.

Ashe ba a nuna maka dabbar cigiya sai ka siffanta ta tukuna. Na tarar da wani baƙo mai rawani, shi ma wai jakinsa ya ɓace. Maigari ya fara da ni.

"Yaro, wane iri ne naku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jaki ne, toka-toka haka."

Zaure ya ɗauki dariya. Aka tambaye ni ƙafa, aka tambaye ni kunne. Wallahi kullum ina wuce dabbar nan a turke, amma ban taɓa dubanta ba. Baƙon ya gyara zama ya ce idabari ne, ƙafar dama ta baya da fari, kunnen hagu a tsage. Na tabbata tun a gona ya ƙare masa kallo.

Aka fito da jaki. Namu ne! Na yi kururuwa, na rantse, na riƙe igiya. Maigari ya ce, "Haba yaro, mai abu ai ya san abinsa." Aka ɓamɓare hannuna. Kafin kawuna ya miƙe ya bi kasuwanni, har Gidan Amumune, ba baƙo ba jaki.

Kakana bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya tambaya kawai, "Ka ga alamar sun ba shi ruwa?" An aro masa wani jakin, ya kayar da shi sau biyu, daga nan ya haƙura.

Yau a Tasawa kabu-kabu ya fi jaki yawa, yara kuma duk jaki jaki ne a wurinsu, kamar ni a da. Da furfurata na bi masu amalanken jaki na koyi launukan, yanzu ko daga tsallaken hanya ina gane idabari. Asalin sunayen kuwa duk tsohon da na tambaya sai ya ce masu sani sun kwanta dama. To me ya amfana? Damina uku kakana ya yi zaune cikin zaure yana jin ƙamshin ruwan sama, bai sake taka gonarsa ba har ya rasu, kuma ni na ja masa.