Bakina da Bakin Kwalin Taba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan. Amma ranar da aka zaunar da ni a zauren mutane, aka ce in wangale baki a gwada shi da kwalin taba, wannan kam har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ba.

Ni mai fito ne. Idan kogi ya kawo, hanya ta yanke tsakanin ƙauyenmu da Guri, ni nake tsallakar da mutane da babura da buhunan shinkafa a kwalekwale. Da rani in koma kamun kifi. Ambaliya ta ci gidana ba sau ɗaya ba. Jirgi ya taɓa kifewa da ni a cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Matata ta rasu ta bar ni. Duk ban taɓa sunkuyar da kai a gaban mutane ba. Boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba. Taba kuwa tun ina saurayi nake sha. Mu mutanen ruwa mukan ce tana korar sanyi da sauro. Ƙarya ne. Sauron fadamar Haɗeja ko tayar mota ka ƙona masa ba ya gudu.

Shekara da shekaru akwai wani rubutu a jikin kwalin. An ce gwamnati ce ta sa a rubuta cewa taba tana kisa. Ban damu ba. Rubutu ba ya tsorata wanda bai iya karatu ba, ni ado na ɗauke shi. Aka ce an hana sha a tasha da asibiti, na ce to, ai ba a kafa doka a tsakiyar ruwa. Aka ce an hana sayar da kara ɗai-ɗai, mai shagon bakin ruwa ya ci gaba da sayar mana, sai dai yanzu yakan waiga hagu da dama kafin ya miƙo. Can wata shekara gwamnati ta gane cewa irinmu ba a yi mana magana da rubutu. Sai ta sa hoto.

Hoton baki ne a wangale. Dasashi ya kumbura, haƙora sun karkace kamar danga bayan ambaliya. A sama, ta hagu, akwai giɓi. Ni ma ina da giɓi a daidai wurin, gorar tuƙi ce ta fasa mini ranar da jirgi ya kife.

Aminina, wani masunci da muka tashi tare, shi ya jawo mini. Muna zaune a gindin shago ya sayi sabon kwali, ya kalle shi, ya kalle ni, ya sake kallon kwali.

"Kai," ya ce, "yaushe ka fara aikin gwamnati ba ka gaya mana ba?"

Aka taru a kan kwalin. Ana cikin dariya wani ya tuna cewa a ambaliyar bara, lokacin da muke zaune a kan tudu, wasu samarin kiwon lafiya sun kawo mana magani. Ni kuwa a lokacin ciwon haƙori ya hana ni sakat. Ɗayansu ya ce in buɗe baki, ya haska, ya ɗauki hoto da waya don ya nuna wa babbansu. Kowa ya gani. Shi ke nan, hujja ta cika. Kafin kasuwa ta zagayo, sunana ya koma Na Kwali.

Aikin fito ya zama mini azaba. Fasinja ya shiga jirgi, maimakon ya kalli ruwa ya yi addu'a kamar yadda aka saba, sai ya zuba wa bakina ido. Wasu su yi ta ba da labarin ban dariya don in yi murmushi su tabbatar. Wani ɗan acaɓa daga Kirikasamma ya ce, "Baba, don Allah ɗan buɗe kaɗan, an yi mini musu a gida." Wata tsohuwa ta sauka ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ba ni lafiya, ta ga abin da ke damuna a hoto. Dama ni ba mai yawan magana ba ne. Na ƙara ɗinke bakina.

Abin haushi, 'yan'uwana mashaya ni suka riƙe a zuci, ba gwamnati ba. Wani ya tare ni ya ce, "Duk sanda na zaro kara sai in ga bakinka. Ka hana mu jin daɗin abinmu." Suka koma juye taba a gwangwanin madara, su jefar da kwali. Mai shago ya juya kwalayen suka fuskanci bango, ashe ta bayan ma hoton yana nan.

Ni kaina na fara yarda. Ba ni da madubi a ɗaki. Wata rana ina tsallakar da wani da babur ɗinsa, muna tsakiyar ruwa na faki idonsa na sunkuya na wangale baki a madubin babur. Ina ɗagowa na ga yana kallona. Sai ya gyaɗa kai kamar mai ta'aziyya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni cin abinci daban ne. Akwai wata bazawara mai bandar kifi da nake nema. Mace mai hankali, ga tsare gida, ga harshe kamar ƙayar tarwaɗa. Magana ta yi nisa, yayanta ya karɓi gorona, ana jiran a gama girbi. Mutum mai shekaru irina, wanda ya gaji da dafa wa kansa, ya san ba kullum ake samun irin wannan ba. Sai ta aiko in zo. Na same ta a rumfar banda tana juya kifi.

"Malam, an ce bakinka ya zaga Najeriya."

"An ce."

"Naka ne?"

"Ban sani ba."

"Mutum bai san bakinsa ba?"

"Ni a bayansa nake zaune," na ce. "Ban taɓa ƙare masa kallo ta gaba ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce mata a kasuwar kifi sun fara kiranta amaryar kwali, kuma ita ba za ta auri bakin da ake yarwa a kwatar kowane gari ba. A bincika. In nawa ne, in zo in ɗauki gorona.

Aka sa rana, da hantsi, a zauren yayanta. Aka kira wanzamin garinmu, domin shi ne ya san bakin kowa, kuma duk haƙorin da na rasa ban da na gora, shi ya cire. An ce maganar cikin gida ce, amma da na iso na tarar da takalma har bakin hanya. Aminina ya samu wuri a gaba. Ita kuma tana daga ƙofar ciki, bayan labule.

Aka jawo ni bakin ƙofa inda haske yake. Wanzami ya sa tabarau, ya riƙe kwali a gefen kumatuna, ya ce, "Buɗe." Na buɗe. Ni da na yi kokawa da ruwa na fito, ga ni a durƙushe kamar ragon da ake duba shekarunsa a kasuwa. Ya danna harshena da tsinke, ya kalli baki, ya kalli kwali. Ya ɗaga leɓena. Ya daɗe. Muƙamuƙina ya gaji, yawu ya fara zuba.

Can ya cire tabarau ya ce, "Ba nasa ba ne."

Yayanta ya ce, "Da wace hujja, Sarkin Aska?"

"Wannan fiƙar da kuke gani a kwali tsaye, tasa ni na cire da hannuna. Ƙasa kuma, na kwali a cike yake, nasa kamar gonar da tsuntsayen jan-baki suka sauka." Ya sake duba hoton. "Ko wane ne wannan bawan Allah, ya fi mutuminku haƙora. Dasashinsa ma ya fi nasa lafiya."

Zaure ya ɗauki dariya. Aminina har da kwanciya a tabarma, yana cewa, "Ashe rangwame gwamnati ta yi mana. Da naka ta sa, da tuni kowa ya tuba."

Ni dai na miƙe na share baki, ina jin na ci shari'a. An wanke ni a gaban shaidu. Na juya wajen yayanta don mu tsayar da rana, sai aka ɗaga labule. Ta fito da bandaddiyar tarwaɗa a hannu, ta durƙusa ta gaida manya, sannan ta dube ni.

"Na gode Allah ba naka ba ne," ta ce. "Amma Malam, gwamnati ta zaga ƙasa ta nemo bakin da zai tsorata mutane, kai kuma naka ya wuce shi. Murnar me kake yi?"

Na ce, "Ke ma ai wuni kike cikin hayaƙi."

Ta karya kifin nan biyu, ya ce ƙas. Ta nuna mini cikinsa, baƙi, a bushe. "Shi ya sa na san abin da hayaƙi yake yi wa nama. Ni sai kifi ya mutu nake yi masa banda. Kai da ranka kake yi wa kanka." Ta ajiye kifin a gabana. "Ka bar kwalin aljihunka a nan, ko ka tafi da goronka."

Na ga mashaya biyu sun dafe aljihunsu kamar da su ake. Na zaro kwalin na ajiye kusa da kifin.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Na yi faɗa da fasinjoji ba dalili. Na tauna asuwaki har na kusa ƙarar da darbejiyar bakin ruwa. Sau ɗaya na kutsa cikin kacala na ɓoye na sha rabin kara, na wanke baki da ruwan kogi, na ci albasa. Ina sallama a rumfar banda, bazawarar nan ta ce, "Wannan ba hayaƙin itace ba ne." Matar da ta girma a rumfar banda ba a ɓoye mata hayaƙi. Daga ranar ban ƙara ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ba mu ɗauki hoton biki ba. Amma kwalin nan da na ajiye a zaure, ta zubar da abin ciki ta kafa shi da ƙusa a bangon ɗakinmu. Idan baƙuwa ta tambaya, sai ta ce, "Hoton maigida ne, lokacin yana da kyau."

Har yau Na Kwali ake ce mini, kuma ina amsawa. Tarin asuba ya bar ni, ina tuƙa jirgi cike da shinkafa ba tare da na tsaya haki ba. Aminina yana nan da gwangwanin madararsa, yana tari yana yi mini dariya. Abin da na koya shi ne, doka kamar fasinja take. Daga birni za ta iya zuwa har bakin ruwa, amma ba ta tsallakowa da kanta, sai ta samu mai fito. Rubutu ya zo ya tsaya a can, hoto ma ya zo ya tsaya. Tawa dokar, mai bandar kifi ce ta tsallako da ita. Kuma kafin ka yi rantsuwa cewa gargaɗi ba da kai ake ba, ka fara neman madubi.