Baƙin da Ke Saiwar Gyaɗa

A ƙauyenmu da ke kusa da Roni, lokacin cirar gyaɗa ne kakarmu, Inna Delu, ta fi ba mu tatsuniya. Bayan magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, mu kewaye ta muna tsinke gyaɗa daga jikin harawa, ita kuma tana gasa mana ɗanya a toka.

"Ku buɗe kunnuwa, ga ta nan tafe," haka take farawa.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta wani manomi da waɗansu baƙi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, suka sauka a gonarsa. Suka gina 'yan ɗakuna a jikin saiwar gyaɗarsa suna ciyar da shuka, shi kuma yana bar musu ganye da kashin shanu. Sai kwaɗayi ya kama shi. Ya kwashe kara da ganye kaf, ya hana makiyaya kwana da shanunsu a gonar bayan girbi. Ƙasa ta bushe, ta ɗauki zafi, baƙin suka tashi. Bai ƙara cika rumbu ba.

Takan ɗaga saiwa ta nuna mana ƙulle-ƙullen jikinta. "Ga ɗakunansu nan. Mai rowa ba ya riƙe baƙo, kun ji ko?"

Yanzu ni da yayana Sani ke noman gonarta. Malamin gona ya ce mana ƙwayoyin halitta ne na gaske ke zaune a saiwar, kuma ba sa jure ƙasar da ta yi tsami ko ta rasa taki da danshi. Tamu kuwa ta koma rairayi. Na zuba takin zamani, gyaɗar ta fito a rame.

Bana na tarar da Sani yana loda harawa a mota za a kai kasuwar Babura.

"Yaya, don Allah ka bar wa ƙasar ko rabi."

"Yaran nan ƙasa za su ci? Hatsinmu ba zai kai damina ba, ka sani."

Na tafi ina huci. Abin da ke ƙona mini rai shi ne Sani ba mai kwaɗayi ba ne. Inna ta koya mana yadda za mu yi da mai rowa, amma ba ta taɓa gaya mana abin da mutum zai yi ba idan shi da ƙasarsa duk yunwa suke ji.