Dabinon Husufi

Jiya na ji a rediyo cewa nan da 'yan shekaru, a farkon damina, za a yi cikakken husufin wata. Na ƙirga da yatsu, sai na ga lissafin kakana ne ya fito daidai.

Garkar dabino yake da ita a Gidimuni. Duk lokacin da wata ya rine ja gaba ɗaya, washegari sai ya dasa dabino guda. Yakan ce kowane husufi yana da ƙane, wanda ke biyo shi bayan shekara goma sha takwas da kwana goma sha ɗaya.

A na ƙarshen da muka gani tare, unguwa ta cika da kiɗan gwangwani ana roƙon rana ta saki wata, mu kuwa muna masallaci. Da safe muka durƙusa cikin laka mai sanyi, ƙamshin ruwan farko na tashi. Ni na riƙe masa dashen.

Ya ce, "Abokina, ƙanen wannan ba zai tarar da ni ba. Kai za ka dasa nasa, nan gefe."

Na ce, "Haba Kaka, Allah zai kai mu."

Ya ci gaba da danna laka a gindin dashen.

Bayan rasuwarsa muka sayar da garkar, na dawo Damagaram. Gobe zan je in roƙi mai ita taku biyu na ƙasa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya ba kabarinsa hasken da ba ya husufi.