Kifin Baba da Kifin Kawu

Tun da aka rufe ramin uraniyom na Akokan, Baba ya daina fita. Mutumin da ya tsufa yana haƙa a ƙarƙashin ƙasa ya koma zaman tabarma, tuwo ma sai da lallashi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ko Kawu, ƙanen Inna kuma abokin wasansa, ya kasa tayar da shi. Shi Kawu a buɗaɗɗen ramin Arlit ya yi aiki, shi ya sa a da Baba ba ya kwana bai kira shi mai wasan ƙasa ba.

Wata rana Kawu ya zo yana dafa shayi, sai ƙanwata da ke karatun halittun teku a ƙasar waje ta aiko mini hotuna biyu a waya. Wasu munanan kifaye ne masu ƙwala-ƙwalan idanu, haƙoran zomo, wutsiyar ɓera. Wai dangin juna ne, kuma aikinta ke nan, bambanta su. Mu da muka fi sanin kifin gwangwani, ni dai ban ga bambanci ba, sai dai ɗaya mai zane-zane ne, ɗaya koɗaɗɗe. Na kira ta, na ƙara murya don tsofaffin su ji.

Ta ce mai zane-zanen ya fi zama sama-sama, koɗaɗɗen kuwa can ƙasa yake, inda rana ba ta kaiwa.

Baba ya tashi zaune. "Mu gani."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wa Kawu mai zanen. "Ga naka nan, ɗan Arlit. Kwalliya kawai, ba aiki."

"Naka fa, Yaya? Kamar an sallamo shi daga asibiti!"

Musu ya kaure har shayi ya huce. Ƙanwata na ta bayanin tsawon ƙaya da faɗin ido, ba mai sauraron ta.

Can Baba ya ce, "Ke, nawan nan, in an fito da shi sama fa?"

Ta ce, "Ba ya daɗewa, Baba. Mutuwa yake yi."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ni kam na yi da-na-sanin kiran nan.

"Ashe rago ne," in ji Baba. "Ni ma an fito da ni, ga ni kuwa. Ina takalmina?"

Ya fizge wayar, ya nufi fadar tsofaffin abokan aikinsa zai nuna musu ɗan'uwansu. Kawu na biye yana cewa ba a gama magana ba, ƙanwata kuma tana cikin aljihun Baba tana ta "Alo? Alo?"