Ragon Gwaggo da Wuƙar Aljihuna

Shekarar da Gwaggo ta ɗaura niyyar yin layya da ragon da ta kiwata da hannunta, a shekarar ce ni kuma ciwon wuƙa ya kama ni. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk mata ne kuma kowacce tana ɗakinta, ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida cikin tsohon garin Daura, lungu biyu tsakaninmu. Tunda take a duniya ba ta taɓa layya ta kanta ba, sai dai a aiko mata da nama a kwano ta sa albarka. Da 'yarta mai aure a Mashi ta kawo mata ɗan rago yayayye, sai ta mai da shi aikin yi. Dusa da safe, harawa da rana, kanwa a ruwan sha, wanka da sabulu ran Juma'a. Ni da nake ɗan yayanta ban taɓa samun rabin wannan gatan a hannunta ba.

Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta kama sunana. Wata rana na shiga gaishe ta, ta nuna ragon da haɓa.

"Babana, kai za ka yanka mini shi. Na ji an ce kana da wata wuƙa da babu irinta a garin nan."

Na ce to, Allah ya kai mu. Har da gyara zaman hula. Ban gaya mata cewa wuƙar da ake ba ta labari ba ta taɓa yanka ko da lemon tsami ba.

Alhaji ne ya ja mini. Abokina ne tun firamare, yana da shagon kayan babur, kuma a ƙofar shagonsa muke majalisa idan na taso daga ofis. Tun muna yara in ya yi sabon takalmi ba na samun sukuni sai na yi. Ya dawo daga wata tafiya Dubai, muna zaune ana hira, sai ya zaro wani baƙin abu daga aljihu kamar ba da gangan ba, ya taɓa shi da babban yatsa. Ƙat! Ruwan wuƙa ya fito yana walƙiya, rabinsa sumul, rabinsa haƙora. Ya ce ƙirar Amurka ce, sojojinsu ake yi wa. Ya naɗe hannun riga ya aske gashin hannunsa a gabanmu, majalisa ta ɗauki salati. Ni kuwa na ce ba laifi, na kau da kai.

Na yi mako uku ina ƙona data. Kullum ina kan waya ina kallon wasu ƙattin Turawa suna buɗe wuƙa suna rufewa, suna yanka takarda, suna gardama a kan wane ƙarfe ya fi riƙe kaifi. Na san wadda ake buɗewa da yatsa ɗaya, na san mai maɓalli, na san mai maƙali da ake soke ta a bakin aljihu kamar biro. A ƙarshe wani ɗan kasuwa a Kano ya samo mini ƙirar Jamus, aka ba direban mota ya kawo. Ba zan faɗi abin da na biya ba, domin matata ta iya karatu kuma har yanzu tana zaton kyauta aka ba ni.

Amma fa wuƙa ce, a faɗi gaskiya. Ƙotarta toka-toka, an ce da irin ƙarfen ake ƙera jirgin sama. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana da 'yar sakata a gefe da ke hana ta buɗewa a aljihu, kuma a mahaɗarta akwai ƙananan boris, 'yan ƙwallayen ƙarfe irin na ƙafar keke, shi ya sa in ta buɗe ba ta ƙara irin ta Alhaji, sai dai wani ɗan sauti mai ladabi. Mai sayarwa ya ja mini kunne a waya: kada ruwa ya shiga mahaɗar, kada yashi, kada wani abu mai danƙo. Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe wasiyyar wasu manya.

Daga nan majalisa ta lalace. Wata biyu cur ba a yi zancen siyasa ba, ba a yi na taki ba. Alhaji ya ce tawa gajera ce, ta yanka farce ce. Na ce tasa zarto ce, ya kai wa kafinta. Ya ce tasa ta fi saurin buɗewa, muka sa aka ƙirga mana ɗaya, biyu, uku, ya riga ni, na ce hannuna da gumi. Na ce tawa ta fi sauƙin ɗauka, muka je kemis muka roƙi sikeli, na ci, ya ce ai wuƙa ba auduga ba ce da za a yi alfahari da rashin nauyinta. Muka aske gashin hannuwanmu har ya ƙare, na koma na ƙafa. Jaridar da ake ajiyewa a shagon kuwa ba ta kwana, kafin a karanta mun mai da ita zare-zare.

Akwai wani tsohon dillalin shanu da ke zama da mu. Rannan ya karɓi duka biyun, ya jujjuya, ya gwada a farcensa, ya mayar mana.

"Duk suna da kyau. To me kuke yankawa da su?"

Na ji haushin tambayar nan ƙwarai. Na yi masa bayani mai tsawo a kan cewa akwai wuƙar aiki akwai ta riƙewa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da jan carbinsa. Gaskiyar magana, a ɗaya aljihun reza nake ajiyewa saboda yanke zare da buɗe ambulan. Rake da haƙori nake ɓare shi, wuƙa tana aljihu naɗe a hankici. Ranar da matata ta ce in ara mata ta yanka albasa don tata ta dakushe, sai da muka yi wuni biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Duk Asabar nakan ɗiga wa mahaɗar man keken ɗinki, in goge, in mayar.

Game da ragon Gwaggo kuwa na riga na gama shirina. Ran Sallah zan zo da babbar wuƙar layya ta gidanmu in yi yanka, in an gama in fito da ƙirar Jamus in ɗan yanke wata tsoka mara jini a gaban jama'a, kowa ya gani, shi ke nan.

Saura kwana tara Sallah, ranar kasuwa, kowa ya tafi kallon dabbobi, majalisa ta rage daga ni sai Alhaji. An idar da Azahar ke nan muna kan maganar wane ƙarfe ne ba ya tsatsa, sai na hango Gwaggo ta fito daga lungu, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya. Matar da ko wucewa ta gaban majalisar maza ba ta yi, sai ta zagaya.

"Babana, taso. Ragon nan ya tsinke igiya ya shiga buhun gero, ya ci ya sha ruwa, cikinsa ya kumbura. Na ba shi kanwa, na ba shi man gyaɗa, ba ya tashi. Zo ka yanka kada ya tafi a banza."

Muka kwasa da gudu, ni da Alhaji, kowa da tumbinsa. Duk wanda ya tashi a inda ake kiwo ya san lissafin. Layya dai ta riga ta kuɓuce, tunda ranarta ba ta zo ba. Abin da ya rage shi ne a sa wuƙa kafin rai ya fita, ta samu naman da za ta soya ta raba, ta ce wannan nawa ne. In rai ya riga wuƙa, mushe ne, ko tsoka ɗaya ba za ta shiga tukunya ba. Mata kuma a wajenmu ba sa yanka, shi ya sa ta bar shi kwance ta fito neman namiji. Allah ya ba ta har biyu, kowanne da wuƙa a aljihu.

Muka same shi a gindin turke, ciki kamar ganga, kumfa a baki, yana numfashi sama-sama. Na sa hannu a aljihu na taɓa hankicin. A nan ne, Allah ya yafe mini, abin da ya faɗo mini a rai ba Gwaggo ba ce, ba ragon ba ne. Boris ne. Na hango jini yana gangarawa cikin mahaɗar nan yana daskarewa.

"Alhaji, kawo taka," na ce. "Ta fi tsawo."

Ya dube ni, ya dafe aljihunsa.

"Haba Malam, tawa mai haƙora ce. Ba a azabtar da dabba. Taka ce sumul, kuma ta fi kaifi, kai da bakinka ka faɗa."

"Gajera ce, ba za ta kai jijiya ba. Wata biyu kana faɗa."

"Wasa nake yi. Wallahi ƙirar Jamus ba ta da na biyu."

"Taka fa sojoji aka yi wa."

"Sojoji rago suke yankawa?"

Abin da muka kasa yi a wata biyu muka yi shi a tsaye a kan ragon Gwaggo: kowa ya amsa cewa ta ɗan'uwansa ta fi. Ban taɓa jin an yabi wuƙata kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin yabo kamar ranar ba.

Gwaggo tana tsaye tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gane me ake ciki ba, ta zaci wata mas'ala ce ta malamai. Na ce mata ko akwai wuƙa a madafa. Ta ruga ta kawo wadda take yanka kuɓewa, na gwada a yatsa, ko tuwo sai an danna. Na durƙusa ina goga ta a bakin dakali, ƙarar tana cika gidan, ragon yana shure-shure a bayana.

"Babana," ta ce a hankali, "taka fa? Ko ka baro ta a gida?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na yar da ta kuɓewar, na zaro tawa, na warware hankici. Na danna, ta ƙi buɗewa, na manta da sakata. Na zare sakatar, ta buɗe da ɗan sautin nan nata. Na daka wa Alhaji tsawa ya kama ƙafafu, muka juya ragon ya fuskanci gabas, na ɗaga haɓarsa, na shafa wuyan ina neman gurbi. Na buɗe baki zan yi bisimilla sai na ji wuyan ya saki a hannuna.

Alhaji ya sa yatsa ya taɓa idon. Bai ƙifta ba. Ya sake taɓawa.

"Malam, bari. Ya riga mu."

Na daɗe a durƙushe da wuƙa a buɗe, tsaf da ita, ko ɗigo babu. Na sha auna lokacin nan a raina. Tsakanin shigowarmu da fitar ransa bai fi a ɗebo ruwa a rijiya sau biyu ba, kuma ya ishi yanka har da saura. Ba sakata ce ta hana ni ba, ba gajarta ba ce. Ni ne.

Alhaji ya ce bari ya nemo mai amalanke a fitar da shi bayan gari, ya fice, kuma na san ya gode wa Allah da ya samu abin da zai fitar da shi daga gidan. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta ce haka Allah ya so, ta je ta ɗaure bakin buhun geron, ta share wanda ya zube. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na fara cewa zan je kasuwa yanzu-yanzu in samo mata wani, ta girgiza kai.

"Na kasuwa ai naka ne. Wannan ne ya san muryata."

Ta durƙusa kusa da shi tana ƙoƙarin kwance guntun igiyar da ke wuyansa. Ƙullin ya ɗame, yatsunta na tsufa suka kasa. Ta ja, ta sa farce, ta sake ja. Can ta ɗago.

"Yanke mini wannan. Ni na tufka ta, ba na so a tafi da ita juji."

Igiyar rama ce mai kauri, ta sha ruwa da rana har ta yi tauri. Na sa ruwan wuƙar a ƙarƙashinta, ban ma ja ba, ɗan ɗagawa kawai na yi, ta rabu biyu.

Gwaggo ta karɓi igiyar, ta dubi inda aka yanke, ta shafa shi da yatsa. Sannan ta dubi wuƙar da ke hannuna.

"Ashe tana ci," ta ce.