Takardar da Na Tura da Sunansa

Abin da ya fara jan idona wata takarda ce da aka manta a cikin injin fotokwafi. Babu rubutu a jikinta sai ɗige-ɗige da aka haɗa da layuka, wasu da jan biro, wasu da shuɗi. Na ɗauka zanen hula ne. Lokacin shekarata ashirin da biyu, ina aiki a shagon yayata a unguwar Wambai, a garinmu da ke kusa da Abuja, muna buga takardu a kwamfuta, muna fotokwafi, muna ɗaure littattafan ɗalibai. A ƙarƙashin teburina kullum akwai littafin soyayya da na karɓo haya a kasuwa. Na karanta su da yawa har na saba jiran ranar da nawa labarin zai shigo ta ƙofa.

Washegari mai takardar ya dawo, dogo, siriri, wuyan rigarsa ya fara cinyewa.

"Malama, ko kin tsinci wata takarda mai zane?"

"Ta hular?"

Ya yi dariya har ya dafa tebur. "Da hula ce da tuni na huta."

Malamin lissafi ne a wata jami'a ta wajen Abuja, yana haya a Iku, a ɗakin da wuta ba ta cika zuwa ba. Shi ya sa ya mai da shagonmu ofis, saboda muna da janareto da intanet. Kafin mako ya zagayo na bincika na gano ba shi da mata. Da na tambaye shi wane irin lissafi yake yi, sai ya ce:

"Kin san motar Abuja, biyu a gaba, huɗu a baya. Hanya nawa za a iya zaunar da fasinja shida?"

"Yadda direba ya ga dama."

"Ɗari bakwai da ashirin. To in biyu daga cikinsu ba sa shiri, ba za su zauna kusa da juna ba fa? In fasinjan dubu ne fa? Aikina ke nan, ƙirga hanyoyi ba tare da na bi su ɗaya bayan ɗaya ba."

Ban fahimci rabinsa ba, amma na ga yadda fuskarsa ke haske in yana bayani, kuma a littattafaina irin wannan hasken dalili ɗaya gare shi. Na ɗauka nawa ne.

Akwai wata matsala da ya shafe shekara bakwai a kanta, wadda masanan fanninsa suka daɗe suna nema. Ya warware ta, ya rubuta cikin shafi arba'in da wani abu, ya tura wata babbar mujalla a ƙasar waje, inda ake ba masana su bi kowane layi kafin a buga. Wani dattijon farfesa a can ya ce masa in ta fito zai gayyace shi su yi aiki tare na shekara biyu. Duk rayuwarsa a kan takardar nan ta rataya. Shekara ta wuce ba amsa. Kullum ya shigo sai ya buɗe imel, ya duba, ya rufe, ya ce in yi masa fotokwafin jarrabawa.

A jami'arsu kuwa ƙirga takardun binciken da malami ya buga a mujallu ake yi in za a yi ƙarin girma. Nasa uku ne kacal. Waɗanda ya koyar sun fara wuce shi. Akwai wani abokin aikinsa da ke kawo mana aiki, mai tumbi da fara'a, ba ya ganinsa bai tsokane shi ba.

"Dakta, har yanzu kana kwance kan ƙwai ɗaya? Kaza ma sati uku take yi ta tashi."

"Nawa na jimina ne."

"To Allah ya sa kada ka tsufa a kansa. Ni bana shida na fitar. Akwai mujallar da in ka biya, sati biyu, ta fito da hatimi. Kwamiti ba karantawa suke ba, ƙirgawa suke."

Ni nake tura takardun mutumin nan, don haka na san mujallar, na san inda ake latsawa. Takardar Dakta kuma tana cikin kwamfutarmu, tun ranar da na buga masa ita.

A littattafan da na taso da su, yarinya ba ta furtawa. Sadaukarwa take yi a ɓoye, sai a babi na ƙarshe saurayin ya gano, idonsa ya ciko. Ran da sunayen ƙarin girma suka fito ba nasa, na ga ya zauna ya kasa buɗe jakarsa. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na biya, na tura takardar da sunansa ta imel ɗin shago. Babu wanda ya tambaye ni ko ni wace ce. Kwana goma sha ɗaya ta fito. Na buga ta a farar takarda mai kauri, na ɗaure da bango shuɗi, na shafa mata turare kaɗan.

Da hantsi ya zo, ranar Talata. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya karanta shafin farko a tsaye, sannan ya jawo benci ya zauna.

"Wa ya tura wannan?"

"Ni ce, Malam."

"Wa ya sa ki?"

"Babu kowa. Na ga sun bar ka kana ta jira."

"Kin tambaye ni?"

"So na yi ka gani kawai."

Ya rufe bangon takardar. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, irin muryar da yake bayanin fasinjoji da ita ce. Ya ce a aikinsu ba a tura takarda ɗaya wuri biyu. Wadda aka riga aka buga, ko a ina ne, babbar mujalla ba ta sake karɓarta. Wanda kuma aka ga sunansa a mujallar biya-a-buga, masana kallon ɗan damfara suke masa.

"Sai a ce musu su cire," na ce.

"Za mu gwada."

Yayata ta leƙo daga ciki. "Dakta, lafiya? Ko yarinyar nan ta ɓata maka aiki ne?"

"A'a, Hajiya. Aikin ya yi kyau."

Sau biyar ya rubuta wa masu mujallar su cire ta, ba su amsa ko ɗaya ba. Daga nan ya rubuta wa babbar mujallar da kansa, tun kafin su gano. A shagonmu ya rubuta, ina bayansa ina karantawa. Ya ce an tura takardar ne daga wurin da yake aiki, kuma sakacinsa ne. Bai ambace ni ba. Na roƙe shi ya faɗa musu ni ce.

"In ce musu me, ƙanwata? Mai fotokwafi ta ji tausayina?"

Amsarsu ta zo cikin kwana huɗu, su da suka yi wata goma sha huɗu shiru. Sun ce masana biyu da aka ba takardar sun gama karantawa, sun tabbatar aikin daidai ne, saura gyare-gyare ƙanana, amma yanzu dole su rufe maganar. Dattijon farfesan ya aiko da layi biyu na jaje, bai ƙara rubutowa ba. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi wasu mutum uku a wata ƙasa suka fitar da irin sakamakon ta wata hanya. Abokin nan nasa mai tumbi ne ya gaya mini, ya ce yanzu da sunansu ake kiran abin.

Kwamitin jami'arsu kuwa ya ƙirga takardar da na tura. Ta zama ta huɗu.

Ya daina zuwa shago a hankali, ba rana ɗaya ba. Da farko sai ranar Asabar, daga baya na ji ya tashi daga Iku ya koma Madalla, kusa da hanya. Ban taɓa gaya wa yayata ba. Ta yi ta faɗa a kan 'yan kunnen, na ce sun faɗi a mota. Na yi aure bayan shekara biyu, da wani mai sayar da tayil, mutumin kirki, kuma da yayata ta gaji ni na karɓi shagon.

Bara wata mata ta kawo kundin digirinta na biyu in ɗaure mata. A shafin sa hannu na ga sunansa, da Farfesa a gaba. Na tambaye ta yaya yake.

"Kin san shi? Ai Baba ba shi da matsala. Kowa shi yake so ya duba masa aiki. Ba ya karantawa, ki kai kawai ya sa hannu."

"Yana rubutu har yanzu?"

"Sosai. Duk sashenmu babu mai yawan takardunsa, ko wata uku ba a yi bai fitar ba. Namu yake ɗauka ya gyara taken, mu biya, a buga."

Na tambaye ta ko yana koyar da fannin nasa na ƙirga hanyoyi. Ta yi ɗan tunani, ta ce ita dai ba ta taɓa jin yana da wani fanni ba. Shi ne shugaban kwamitin rabon ɗakunan kwanan ɗalibai, ta ce, kuma ciwon suga ya taɓa masa ido, yanzu sai an nuna masa layin da zai sa hannu.